Mariƙin Ƙofar Baba

A shagon kayan mota, wani mutum ya dangwarar da karyayyen mariƙin ƙofar mota gaban mai shago.

"Malam, dubi abin da ka sayar min. Ko wata bai rufa ba."

"Roba ce, yallaɓai. In sanyin nan ya kama ta, ƙandarewa take yi kamar busasshen kara. Lallaɓa ta ake yi."

"Ni za ka koya wa buɗe ƙofa? Shekara ashirin ina tuƙi. Jabu ne, ka faɗi gaskiya."

"To me ya hana na ɓangarenka karyewa? Ai tare ka saye su. Wannan nauyin mutum aka ɗora masa."

"Mahaifina ne. Shi yake kamawa ya sauko in na kai shi asibiti. Yau ya ɓalle a hannunsa, tsoho ya zube ƙasa, mutane na kallo."

"Subhanallahi. Kai kana ina? Ka riƙa miƙa masa hannu mana."

"Kai dai ba ni na ƙarfe."

"Ba a yin na ƙarfe. Na ce hannunka fa?"

Mutumin ya ɗauke karyayyen mariƙin, ya cusa a aljihu.

"Shekara uku ina miƙawa. Ya gwammace robar."