Akwatin da Sharhabilu Ya Koma Ɗaukowa

Da sunan Allah nake farawa. Wakilin hakimi, ranka ya daɗe. Liman, Allah gafarta malam. Inno mahaifiyar Sharhabilu kuma mahaifiyarmu, Mahfuza matar ɗan'uwanmu, jama'ar Batsari, sannunku da haƙuri.

Ni ne Almustapha, mai fiyano a ƙungiyarmu ta kiɗan biki, kuma da bakin ƙungiya nake magana.

Sharhabilu ya kasance mai kaɗa mana jitar bes. Ya kasance mai gyara lasifikar masallacin unguwa duk ranar da ta ƙi. Ya kasance mai haƙuri da bakinmu, don mun tsokane shi ba kaɗan ba. Da an tada janareta an jona jitarsa a mikisa, na'urar haɗa sauti, sai sifiku su kama gurnani kamar taron ƙudan zuma, mu kuwa mu ce Sarkin Zuma ya iso.

Ya ce maganin wani ɗan akwati ne, di'ai, da ake sawa tsakanin jita da mikisa. Ya wuni a Katsina yana zaɓe. Da ya dawo ya ce mini, “Almu, jitata tana da batir, shi ya sa na ɗauko marar batir. Ɗaga ka ji nauyi, tiransifoma ce a ciki. Wannan makunnin shi ke kashe gurnani. Saura mu gwada da janaretanmu.”

Muna da doka: hanyar Runka ba a bin ta mutum ɗaya, akori-kura ɗaya muke shiga. Ranar bikin Runka, mun fita daga gari ya tuna ya bar akwatin a gida. Ya ce mu tafi a haka. Mu muka ce a'a, mun gaji da zuma. Ya sauka yana dariya, ya ce, “To, ku jira ni.” Ango na ta kira, ba mu jira ba. Ya biyo mu a babur shi kaɗai, 'yan bindiga suka tare shi. An sami akwatin a jakarsa.

Inno, mun san kwana ne ya ƙare. Amma kunyarki muke ji. Mahfuza, mu muka sauke shi daga motar nan, ki yafe mana.

Jiya muka jona akwatin. Janareta na aiki, sifiku shiru, ba gurnani ko kaɗan. Zaɓinsa ya yi daidai. Muka tsaya cirko-cirko, ba wanda ya iya taɓa jitar.

Mun gode da zuwanku. Allah ya jiƙan Sharhabilu, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa dangana. Mu kuma da ya ce mu jira shi, Allah ya yafe mana.