Tabon Guga a Bencin Mai Tuwo

Mai gabatarwa, barka da aiki, ina gaida masu sauraro duka. Sunana Rifkatu, daga Trikania.

Duk wanda ya tashi a Kakuri ya san gidan dutsen nan mai bene, inda manajan masaƙa ya zauna tun zamanin Turawa. Saboda kaurin bangonsa, ko ana tsananin zafi ba ka neman fanka. Marigayiya mahaifiyata ce mai wanki da guga a gidan, a can na yi wayo. Wata rana dutsen guga ya suɓuce mata a matakalar katako, ya bar tabon ƙuna.

Da masaƙa ta rufe, aka yi watsi da gidan. Aka kwashe kwanon rufi, aka ɓalle tagogi, ba wanda ya ce uffan.

Ran Lahadi bayan coci na tsaya wajen wata mai tuwo. Ina zama a benci, hannuna ya sauka kan tabon nan. Na ce, "Mama, ina kika samo bencin nan?" Ta ce, "Kafinta ya haɗa mini da katakon tsohon gidan can. Ai ba na kowa ba ne."

Na kasa cin tuwon. Tun ranar nake jin takun mahaifiyata tana hawa bene da kayan guga, alhali matakalar babu ita.

Bangon dai yana nan tsaye. Jama'a, ku ba ni shawara: ƙofar wa zan buga a ceci abin da ya rage, kafin in tarar da duwatsun a bangon bayan gidan wani?