Jarumi a Bakin Kunya Yake

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Ni malamin firamare ne a Kademi, kuma ban yarda da bayaninka na makon jiya ba, wai jarumi shi ne mai tajajjen gashi a hoton silima. Tun muna yara, jarumi shi ne wanda ya riga kowa fitar da kunyarsa ran gayya, budurwa ta ɗaura masa kallabinta a ƙotar garma. Ƙanena Sale ya ji ka, ya ƙi zuwa gayyar Asabar, wai hannunsa zai yi kanta. Na ce, "Sale, wace ce ta taɓa ɗaura wa hoto kallabi?" Don Allah, mai gabatarwa, ɗaga murya Sale ya ji, ga shi can jikin rediyo. Ina gaida manoman Toranke.