Kada Ku Ƙara Faɗin Sunana

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa.

Na ji kuna ba da tarihin tasharku. Tun kafuwarta a birni nake sauraronku daga Runka, kuma a da ina murnar jin sunana a filin gaishe-gaishe.

Bana ɗana ya yi mini barka da dawowa daga aikin Hajji, kuka karanta sunana da unguwarmu. Ranar kasuwa wasu baƙi bisa babura suka tare maƙwabcina: "Kai, ina gidan Alhajin da aka gaisar a rediyo?" Allah ya tsare, bai nuna ba. Ashe 'yan bindiga ma suna sauraronku. Tun ranar ban sake kwana a gidana ba.

Don girman Allah, ku daina haɗa suna da gari. Ina gaida aminaina, sun san kansu. Wassalam.