Kabewar da Ruwa Ya Kawo

A layin karɓar tallafin ambaliya, wani dattijo ya juyo wajen matar da ke bayansa.

"'Yata, ke me ruwa ya cinye miki?"

"Masara, Baba. Kai fa?"

"Kabewa. Gwamnati za ta biya, na gode mata. Amma irin da mahaifina ya bar min ya tafi ke nan."

"Doguwa, mai zane-zane?"

"Ita fa."

Ta kwashe da dariya. "Ashe taka ce ruwa ya jibge mana a ƙofar gida. Wata guda muka yi muna ci."

"Ta yi daɗi dai?"

"Har 'ya'yan na shanya, kwano cike."

Dattijon ya matsa gefe yana murmushi. "Shiga gabana, 'yata, ki gama da wuri. Yau tallafi biyu zan karɓa."