Ana Yanke Gamba Kafin Ta Zubar da Iri

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barkanka da aiki. Daga Ƙofar Kuyambana nake rubuto maka. Ni tsohon malamin gona ne, irin waɗanda ake mantawa da su ranar da suka ajiye aiki.

Ran Laraba da hantsi, Bappa, Bafulatanin da ya daɗe yana riƙe mini saniya, ya jawo ta har ƙofar gidana. Na ce, "Bappa, lafiya? Ko ta yi maka rashin kunya ne?" Bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam, ciyawa ta ƙare a tudu. Kudu zan yi, kuma ba na tafiya da amanar mutum."

Tudun nan makiyayar kowa ce, amma a da akwai doka: ba mai sa wa gamba lauje sai ta zubar da iri. Yanzu tun tana ɗanya ake yanke ta, a cika akori-kura, a kawo wa masu kiwon raguna cikin birni. Ban ga laifin masu yankan ba, yunwa ce ke tura su. To amma me zai tsiro baɗi? Na faɗi haka a taron unguwa, aka ce rigimar tsufa ce.

Na roƙi Bappa ya dakata zuwa kaka. Ya ce zai tsaya idan dattawa suka dawo da dokar. Jama'a, ƙofar wa zan buga a saurare ni?

Bappa, in kana kusa da rediyo, ina gaishe ka. Don Allah kada ka tashi ruga tukuna.