Rukunin Masu Nawa na Shafqat Bhai

Assalamu alaikum. Ina gaida Darakta Iftikhar Sahib, da shugabannin sassa, da Bhabhi Rukhsana, uwargidan ɗan'uwanmu marigayi Shafqat Bhai, da 'ya'yanta, da ku abokan aiki.

Shekara tara Shafqat Bhai yana raba mana saƙonnin masu hulɗa da kamfanin wayarmu a nan Lahore. Ya kasance shi ke shata wa na'urar rarraba saƙonni hanya: mai kukan intanet ya tafi wurin masu gyara, mai rubutu da Punjabi ya faɗa hannun wanda ya sha yaren a nono. Ya kasance idan saƙonni suka yi yawa, sai ya riƙe kofin shayi har ya huce, idonsa a kan allo, hankalinsa can wani wuri, ya ce, "Ku duba, kamar tantabaruna da yamma. Kowacce ta san gidanta."

Ni Nuzhat, kowa ya san nawata, har an rubuta takardar sallamata. Shafqat Bhai ya kira ni ya ce, "Ke Baji, 'yar'uwata, kafin ki gama gaisuwa wasu sun sallami mutum uku. Wallahi kunkuru ya fi ki sauri!" Na fashe da kuka. Ya ce, "Share hawayenki, akwai masu neman kunkuru."

Sai ya buɗe mana rukuni, mu huɗu masu nawa. Duk wanda ya rubuto zai rufe layin mamaci, wurinmu yake zuwa, kuma ba a sa mana agogo. Yanzu an ce ƙarshen wata za a rushe rukunin.

Ranar Talata saƙo ya shigo mini: "Mijina ya rasu. Ina so a rufe layinsa, amma muryarsa da ya naɗa wa masu kira tana ciki." Na dubi lambar, na gane ta Shafqat Bhai ce. Bhabhi, ba ki san da wa kike magana ba. Ni ce. Kina can kina sauraren muryarsa, ni kuma ina jira, ina kuka, ji nake kamar yana tsaye a bayana da kofinsa. Awa guda muka yi, ba wanda ya ce ki hanzarta.

Iftikhar Sahib, muna roƙonka, ka bar mana wannan rukuni.

Mun gode da zuwanku. Bhabhi, Allah ya ba ku haƙuri. Ya Allah, bawanka bai taɓa barin mai kuka a kan layi ba. Ka jiƙansa, Ka sada shi da rahamarKa ba tare da jira ba. Amin.